LAFIYA UWAR JIKI: Tabar Wiwi Da Taɓin Hankali

Akwai wata hujja da mashaya tabar wiwi suka daɗe suna kafawa, wadda duk wanda ya saba zama a majalisun samari na Azare, ko a bakin tasha, ko a teburin mai shayi, ba zai rasa jin ta ba. Da zarar an ce wa saurayi wiwi tana haukatarwa, sai ya yi murmushi ya ce, ai ga wane can ya fi shekara talatin yana busa ta, har yau da hankalinsa yake saye da sayarwa, ya aurar da 'ya'ya, bai taɓa yaga riga ya shiga kasuwa ba. Sau da yawa iyaye sukan rasa amsar da za su bayar, sai su koma ga faɗa da zagi, shi kuwa saurayi ya tashi yana ganin shi ya ci gardama.

Maganar tasa akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, shi ya sa take da wuyar turewa. Ba kowane mashayi ne hankalinsa yake gushewa ba, mafi yawansu ma ba ya gushewa, kuma babu likitan da ya san aikinsa da zai musa haka. Amma mutumin da ya faɗa kogin Jama'are a tsakiyar watan Agusta ya yi iyo ya fita, bai isa ya zama shaidar cewa kogin ba ya cin mutane ba, domin waɗanda ruwa ya ci ba su dawo sun faɗi nasu labarin ba. Haka al'amarin wiwi yake. Wanda ta ƙyale shi ake gani a majalisa ana misali da shi. Wanda ta taɓa kuwa yana can ƙuryar gida an rufe shi don gudun abin kunya, ko kuwa yana kan juji yana magana shi kaɗai, masu wucewa na cewa iska ce ko sammu.

Saboda haka abin da ya kamata a bincika shi ne, me wannan ganye yake aikatawa a cikin kan mutum, wane ne ya fi kusa da haɗarinsa, kuma me ya wajaba a kan iyali ranar da suka ga ɗansu ya fara sauyawa. Ilmin likita a yau yana da amsoshin da ba shi da su shekaru sittin da suka wuce.

Baƙuwar Da Ta Zama 'Yar Gari

Shan wiwi ba tsohuwar al'ada ba ce a ƙasar nan. Mutanen da sun san taba da goro, sun kuma san zaƙami, wanda saboda ɓarnarsa suka yi masa laƙabi da haukata-yaro. Ita wiwi, abin da masana suka fi tafiya a kai shi ne ta bazu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu da ya ƙare a 1945, ta hannun sojojin da suka komo daga Indiya da Bama da kuma ma'aikatan jiragen ruwa. Ba a yi shekara ashirin ba likitoci suka fara ganin sakamakonta. A 1964 Dokta Tolani Asuni na asibitin masu taɓin hankali na Aro da ke Abeokuta ya buga wani rahoto a mujallar Majalisar Ɗinkin Duniya game da matsalolin da wiwi ke jawowa a Nijeriya. A 1966 gwamnatin soja ta kafa doka mai tsanani ƙwarai, wadda ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma ta, da ɗaurin shekara 10 ga mai shan ta. An sassauta dokar a 1975, sa'an nan a 1989 aka kafa Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, watau NDLEA.

Duk da haka abin bai ja da baya ba. Wani babban bincike da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka san shi da rahoton 2018, ya nuna mutum miliyan 14 da dubu 300 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye, ban da giya da taba, a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Daga cikinsu miliyan 10 da dubu 600 wiwi suka sha. A shiyyar Arewa maso Gabas, inda Jihar Bauchi take, an sami fiye da kashi 13 cikin 100 na mutanen waɗannan shekaru a cikin masu shaye-shaye.

Ƙasar Katagum ba wurin noman wiwi ba ce. Manyan gonakinta suna cikin dazuzzukan Kudu, a jihohi irin su Ondo da Edo, daga can ake lodo ta a ɓoye cikin kaya. Amma tun da aka mai da hedkwatar masarauta daga garin Katagum zuwa Azare a 1916, garin ya yi ta bunƙasa har ya zama babban zango a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, mai kasuwa da tasha da makarantu, inda samari ke kwararowa daga ƙauyuka neman ilmi ko neman na kai. Wannan albarka ce, sai dai hanyar da ke kawo alheri ita ce kuma ke kawo baƙon da ba a gayyata ba.

Abin Da Ke Faruwa A Cikin Kai

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin miliyan dubu 86. Ba a manne suke da juna ba. Tsakanin kowace da maƙwabciyarta akwai ɗan rata wanda ido ba ya gani, kuma ta wannan rata suke aika wa juna saƙo da waɗansu sinadarai, kamar yadda ake ba yaro aike ya tsallaka titi. Kowane sinadari yana da wurin saukarsa, wanda ya dace da shi kamar yadda kwaɗo yake dacewa da ɗan makullinsa. Tunani da tuna abin da ya wuce, da tsoro da barci da jin yunwa, duk da wannan aike-aike suke gudana.

A 1964 waɗansu masana biyu a Isra'ila, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, suka ware sinadarin da ke sa maye a cikin wiwi, wanda ake taƙaita sunansa da haruffa uku, THC. A 1988 masu bincike a Amurka suka gano cewa a cikin ƙwaƙwalwa akwai kwaɗuna na musamman da wannan sinadari yake buɗewa. Wannan ya ba masana mamaki, domin me zai sa a halicci mutum da kwaɗon da makullinsa ke cikin wani ganye? Amsa ta fito a 1992, sa'ad da aka gano jiki da kansa yana ƙera nasa ɗan makullin, wani sinadari da aka raɗa wa suna anandamid. Ashe wiwi makullin ɓarawo ce, ta yi kama da na mai gida har kwaɗo ya karɓe ta.

Aikin makullin mai gida kuwa shi ne daidaita saƙo. Idan wata ƙwayar jijiya ta ga ana yi mata aike fiye da ƙima, sai ta saki ɗan wannan sinadari ya koma wurin mai aikowa ya ce masa ya isa haka. Mai noman rani a fadama ya san irin wannan aiki, domin idan fangali ya ƙoshi yakan toshe bakinsa ya juya ruwa zuwa na gaba, ba ya toshe duka a lokaci ɗaya. Haka jiki yake yi, a wuri ɗaya, na ɗan ƙanƙanen lokaci, sa'an nan ya narkar da sinadarin.

Shi kuwa THC ba ruwansa da wannan tsari. Idan aka zuƙi hayaƙi, kafin 'yan mintoci ya bi jini ya isa ƙwaƙwalwa, ya shiga kowane kwaɗo da ya tarar, ya zauna sa'o'i. Kwaɗunan nan sun fi yawa a sashen da ke adana sabon abin da aka ji ko aka gani, shi ya sa mashayi yakan fara magana ya manta inda ya dosa. Suna da yawa a sashen da ke daidaita motsi da auna lokaci, shi ya sa direba ko ɗan acaɓan da ya busa yakan makara wajen taka birki alhali yana jin kansa gwani. Akwai su a sashen tsoro, daga nan faɗuwar gaba da firgita ke tasowa, akwai su kuma a sashen goshi, wanda ke auna abu kafin a aikata. Bugu da ƙari sinadarin yana maƙalewa a kitsen jiki, har mai sha kullum yakan yi makonni da barin ta ana samun ɓurɓushinsa a fitsarinsa.

Daga Maye Zuwa Ruɗewa

Inda maganar hauka ta shigo shi ne wajen wani sinadari da ake kira dofamin. Shi kamar mai shela yake a cikin kai, aikinsa ya sanar da mutum cewa wannan abu muhimmi ne, a kula da shi. Akwai ƙwayoyin jijiya da aka ɗora wa tsaron wannan mai shela don kada ya buga ganga sai da dalili. To, su ma masu tsaron suna da irin kwaɗunan da THC yake shiga, kuma idan ya ce musu su huta, sai mai shela ya sami sake.

Bayanin da likitocin ƙwaƙwalwa suka fi karɓa shi ne, idan wannan shela ta rikice, abubuwan da ba su da wata ma'ana sai su zama masu nauyi a zuciyar mutum. Maƙwabci ya yi tari, sai ya ji kamar da shi ake. Mutum biyu na hira a ƙofar masallaci suka waiwayo, sai ya tabbata shi ake ƙulla wa. Mai karanta labarai a rediyo ya faɗi wata kalma, sai ya ɗauka saƙo ne aka aiko masa. Da yake hankali ba ya son abu ba dalili, sai ya ƙaga labarin da zai haɗa waɗannan abubuwa wuri ɗaya: an sa masa guba a tuwo, ko kishiyar uwa ta yi masa asiri, ko jami'an tsaro na bin sawunsa, ko kuwa shi wani babban waliyyi ne da aka ba aiki. Waɗansu har sukan ji muryoyi sarai suna zaginsu ko suna ba su umarni, alhali ba kowa a ɗakin. Ba ƙarya yake yi ba, ba kuma iskanci ba ne, yana jin muryar kamar yadda mai lafiya ke jin kiran salla. Wani abin da ya ƙarfafa wannan bayani shi ne, magungunan da ke kwantar da irin wannan ciwo, tun daga na farkonsu da aka fara amfani da shi a Faransa a 1952, mafi yawansu suna aiki ne ta hanyar rage ƙarfin shelar dofamin.

Abin hawa uku ne. Na farko shi ne zargi da firgitar da ke zuwa cikin maye, su wuce bayan 'yan sa'o'i. Na biyu shi ne ruɗewar da ke zarcewa kwanaki ko makonni bayan maye ya sake shi, har sai an kwantar da mutum an yi masa magani. Na uku shi ne ciwo mai daɗewa da likitoci ke kira sikizofiriniya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana damun kimanin mutum ɗaya cikin 300 a duniya, kuma ya fi kama mutum tsakanin ƙarshen ƙuruciya da shekara talatin. Wannan ciwo yana kama waɗanda ba su taɓa ko sunsunar wiwi ba. Abin da wiwi ke yi shi ne ta ƙara yiwuwarsa, ta kuma gaggauta zuwansa.

Shaidar Masu Bincike

Tun a 1845 wani likitan Faransa mai suna Moreau ya rubuta littafi a kan yadda mayen wannan ganye ya yi kama da hauka. Amma shaida mai ƙarfi ta fara fitowa ne a 1987 daga ƙasar Suwidin. A can an tambayi samari 45,570 da aka ɗauka aikin soja game da shaye-shayensu, sa'an nan aka bi labarinsu har shekara 15. Waɗanda suka ce sun sha wiwi fiye da sau 50 kafin a ɗauke su, an same su sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba har sau shida wajen kamuwa da sikizofiriniya. Da aka cire tasirin waɗansu dalilai, kamar halin gida da wata damuwar da suka zo da ita, bambancin ya ragu amma bai ɓace ba.

Wani zai ce wataƙila waɗanda ciwon ya riga ya fara ci a ɓoye su ne ke neman wiwi don su sami sauƙi. Akwai gaskiya a nan ma, kuma gado yana da hannu a duka biyun. Sai dai a 2004 likitoci a Jami'ar Yale ta Amurka suka yi wa mutum 22 masu cikakkiyar lafiya allurar THC a ƙarƙashin kulawa, sai ga waɗansu daga cikinsu sun shiga zargi da ruɗewar tunani na ɗan lokaci, irin na masu ciwon, kafin ya sake su. Wannan ya nuna sinadarin da kansa yana iya haifar da alamomin ga wanda ba shi da komai.

A 2019 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a wurare 11 na Turai da Barazil. An gano masu shan wiwi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kamar sau uku wajen fuskantar taɓin hankali karo na farko, idan kuwa mai ƙarfi suke sha kullum, kusan sau biyar. Masu binciken sun ƙiyasta cewa da babu wiwi mai ƙarfi a kasuwa, da an kauce wa kimanin kashi 30 cikin 100 na sababbin masu ciwon a Landan, da rabinsu a Amsterdam.

Amma lissafin da ya fi cancanta iyaye su riƙe shi ne na ƙasar Denmak da aka buga a 2018. An bi bayanan marasa lafiya na shekara ashirin, aka tarar kashi 47 cikin 100 na waɗanda wiwi ta taɓa ruɗa wa hankali har aka kai su asibiti, daga baya ciwonsu ya rikiɗe ya zama mai daɗewa. Watau kusan ɗaya cikin biyu. Ruɗewar farko gargaɗi ce babba, ko da an ga yaro ya warware sarai bayan mako biyu.

Wa Ya Fi Kusa Da Rami?

Abubuwa huɗu ne suka fi raba wanda wiwi ke ƙyalewa da wanda take kayarwa. Na farko shekarun farawa. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai mutum ya kai wajen shekara 25, kuma sashen goshi shi ne na ƙarshe. Waɗannan kwaɗuna da wiwi ke shiga suna cikin abubuwan da ke tsara ginin. Wani bincike da ya bi yara kimanin dubu a ƙasar Niyu Zilan tun daga haihuwa ya nuna waɗanda suka fara sha kafin su wuce shekara 15 sun fi waɗanda suka fara a 18 shiga haɗari. Wanda ya taka ɗanyen gini ya bar sawu, ba kamar wanda ya taka busasshe ba.

Na biyu yawan sha, domin mai busawa safe da yamma ba ya ba ƙwaƙwalwa sararin komawa daidai. Na uku ƙarfin abin da ake sha. A Amurka an auna wiwin da hukuma ke kamawa, aka ga THC da ke cikinta ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kimanin kashi 12 a 2014. Akwai kuma ganyen da ake fesa wa sinadaran da aka haɗa a masana'anta, waɗanda suka fi THC kama kwaɗon da ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma NDLEA ta sha kama irin waɗannan, kamar wadda ake kira Kolorado, a tashoshin jiragen ruwa da na sama na Ikko. Ke nan dattijon da ake misali da shi, ba lalle ne abin da ya fara sha a zamaninsa shi ne ake naɗa wa yaro a yau ba. Balle kuma a haɗa ta da taramol ko kodin ko sholisho ko zaƙami, kamar yadda waɗansu ke yi.

Na huɗu gado. Duk gidan da aka taɓa samun mai taɓin hankali, uba ko uwa ko wa ko ƙane, 'ya'yan gidan sun fi kowa bukatar nisantar wiwi. Har yau babu wani gwajin jini ko hoton kai da zai nuna wa saurayi tun kafin ya fara cewa shi yana cikin waɗanda za ta ƙyale. Wanda ya kunna ta caca yake yi, kuma hankalinsa ya ajiye a faifai.

Abin Da Ya Wajaba A Kan Iyali

Ciwon ba ya faɗowa dare ɗaya. Yawanci yakan fara da alamomin da ake ɗauka rashin kunya ne ko lalaci. Yaro ya daina zama cikin abokansa, ya rufe kansa a ɗaki. Barci ya ƙaurace masa, ya riƙa zirga-zirga da tsakar dare. Ya bar wanka da wanki, karatu ko sana'a su taɓarɓare. Ya ƙi cin abincin gida sai wanda ya saya da hannunsa. A gan shi yana murmushi ko motsa baki shi kaɗai, ko ya tsaya yana kasa kunne kamar ana kiransa. Idan aka ga biyu ko uku daga cikin waɗannan sun haɗu sun yi kwanaki, lokacin asibiti ya yi, ba sai ya ɗauki makami ko ya tuɓe ba. Likitoci sun tabbatar cewa gwargwadon daɗewar ciwon ba magani, gwargwadon wuyar warkewarsa.

Akwai wani dalili kuma na gaggautawa. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau, da waɗansu cututtuka, duk suna iya sa mutum sambatu da fizge-fizge, kuma waɗannan suna kisa cikin kwanaki. Likita ne kaɗai zai iya bambancewa. A Azare akwai babban asibitin Gwamnatin Tarayya, a Bauchi akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, sa'an nan akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na musamman a Dawanau ta Kano da Maiduguri da Kaduna da Kware ta Sakkwato, inda ake tura wanda ciwonsa ya bukaci haka. Addu'a da roƙon Allah ba su hana zuwa asibiti, zuwa asibiti ma bai hana su ba. Abin da ke cutarwa shi ne a shafe wata shida ana yawo da yaro daga wannan mai magani zuwa wancan, a sayar da akuya a sayar da gona, sai abin ya gagara a tuna da likita. Kuma idan an je, a faɗa wa likita gaskiyar abin da yaron yake sha, domin ɓoyewa ba ta kare mutuncin gida, sai dai ta ɓatar da mai magani.

Yayin da ake shirin tafiya, kada a tsaya gardama da shi a kan abin da yake ji ko yake gani, kada kuma a yi masa dariya ko a tara masa jama'a. A yi masa magana a hankali, mutum ɗaya wanda ya fi yarda da shi, a kawar da wuƙa da adda daga kusa. Duka da mari da turu ba su taɓa gyara sinadarin ƙwaƙwalwa ba. Mutumin da ya riga ya yi imani ana son hallaka shi, idan 'yan'uwansa suka danne shi suka ɗaure, sun gaskata masa zarginsa ne kawai. Jama'a ba su manta da watan Satumba na 2019 ba, sa'ad da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, waɗansunsu kuwa iyayensu ne suka kai su da hannunsu don a raba su da shaye-shaye. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana azabtar da mai taɓin hankali, har da ɗaure shi da sarƙa.

Bayan an sallamo shi, aiki biyu ne a gabansa: shan magani yadda likita ya tsara, ko da ya ji ya warke, da rabuwa da wiwi gaba ɗaya. Bincike ya nuna waɗanda suka ci gaba da sha bayan ruɗewar farko sun fi komawa asibiti, sun fi daɗewa a kwance, waɗanda suka bari kuwa sukan yi kusa da wanda bai taɓa sha ba wajen samun sauƙi. Barin ta yana da wuya a makon farko da na biyu, mutum yakan yi fama da rashin barci da saurin fushi da rashin cin abinci, amma wannan yana wucewa. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna kwaɗunan nan, waɗanda yawan sha ke rage adadinsu, suna komawa kusan yadda suke bayan kimanin mako huɗu da dainawa. Sai dai wanda aka mayar majalisar da ya baro, ba sana'a ba makaranta, da wuya ya daɗe bai koma ruwa ba.

A nan ne nauyin ya wuce kan iyaye kaɗai. Masu unguwa da dagatai sun san lungunan da ake sayarwa. Shugabannin direbobi da na 'yan acaɓa sun san yaransu ɗaya bayan ɗaya. 'Yan siyasar da ke saya wa matasa kayan maye lokacin zaɓe don su yi musu banga, su sani mutanen Jihar Bauchi sun ga abin da sara-suka ya haifar, kuma zaɓe yana wucewa ya bar uwa da jinyar ɗanta har ƙarshen ranta. Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a Azare a 2021 dama ce ta samun likitoci da ma'aikatan jinya 'yan ƙasa masu jin harshen marasa lafiya, kuma zai kyautu waɗansu daga cikinsu su zaɓi fannin ƙwaƙwalwa, inda ƙarancin ma'aikata ya fi tsanani a ƙasar nan. Malaman makaranta kuwa su fara wannan bayani tun yara na shekara goma sha biyu, su kuma faɗi gaskiya yadda take, domin yaron da aka ce masa zuƙa ɗaya ke haukatarwa, ranar da ya ga abokinsa ya zuƙa bai haukace ba, ya daina yarda da sauran maganar ke nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya shirya zuriya baki ɗaya.